Kwamfutarmu ta mutu da muryar mahaifiyata a ciki, ya zan yi kada hakan ya sake faruwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya aka dawo da wuta da ƙarfi, kwamfutar gidanmu tana jone. Da na kunna ta sai na ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, allon ya tsaya baƙi wuluk. Mai gyara ya ce faifan ajiyar ne ya lalace. Ya ciro min takardun jarabawar ɗalibaina da wasu hotunan suna, amma muryar Inna, Allah ya jiƙanta, da na naɗa tana ba yara labarin ƙauyensu, kusan minti 40, ba ta fito ba. Har yanzu raina bai daina ɓaci ba. Mun sayi wata yanzu. Don Allah ku koya min yadda ake ajiya.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Inna. Da farko kada ki bari a sake kunna tsohon faifan, duk juyin da zai yi ƙara cin kansa yake. Ki naɗe shi ki ɓoye, akwai masu kayan aikin da suka fi na gyaran kasuwa.

Sabuwar kuma, duk abin da ba za ki jure rasawa ba ya zama yana wuri 3: cikin kwamfutar, cikin faifan waje, da kuma intanet. Ki sayi faifan waje, ki kunna File History da ke cikin Windows, shi zai riƙa kwafa da kansa. In ya gama ki zare faifan ki sa a durowa. Wanda aka bari a jone, wutar da ta kashe kwamfuta ko ƙwayar cutar da ta kulle fayiloli ba za su ƙyale shi ba. Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, sun ishi takardu da muryoyi. Sai dai ki kula, folda mai haɗe da intanet in kin goge abu a nan, can ma ya gogu, kuma kwandon sharar Drive kwana 30 kawai yake riƙewa.

Ɗan Zinder:
Ni abin da ya cije ni daban ne. Na yi shekara ina kwafa a filashi mai arha, ashe na jabu ne, ranar da na buƙata rabin fayilolin ba su buɗe ba. Tun daga nan duk ƙarshen wata nakan buɗe hoto ɗaya da takarda ɗaya daga ajiyar, in gani da idona. Kuma ki duba ko sabuwar kwamfutar tana da makullin BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle faifai, wanda in ya nemi makullinsa ba ki da shi fayilolin ba za su buɗe ba. Lambobi 48 ne, ki rubuta su a takarda tare da kalmar sirrin Gmail ɗinki.

Yar Gidan Malam:
Yaya, kafin komai, ba ki taɓa tura wa kowa muryar a WhatsApp ba? Tambayi 'yan uwanki, musamman wanda bai canja waya ba.

Maman Biyu:
Allahu Akbar! Na kira ƙanina da ke Jos, ashe na tura masa guntu a lokacin, minti 6. Na saurara sau uku ina hawaye. Na ɗora shi a Drive yanzun nan, na kuma tura wa yayata. Malam mai gyara, faifan wajen 1TB zai ishe mu?