Ma'aunin gini ko na jini?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da tara zan shiga rediyo da wani masanin tarihi kan yadda arziki ya rabu a ƙasar Kano tun zamanin dalar gyaɗa. Akwai ma'aunin da wani Ba'italiye, Corrado Gini, ya fito da shi a 1912: sifili na nufin rabon kowa ɗaya, 1 kuma mutum guda ya haɗiye komai. In na karanta sunan yadda aka rubuta, magina za su ɗauka da su nake. In na faɗa irin na Italiyawa, jini, sai a zaci awon hawan jini. A taimaka.

Ɗan Fagge: Ma'aunin rashin daidaito. Shi ke nan.

Malamar Tarihi: Rashin daidaito ai har ƙafar tebur tana yi. Ni "ma'aunin tazarar arziki" nake koya wa ɗalibaina.

Baba na Gwammaja: 'Yar nan, tazarar haihuwa za a yi? Mu da muka sha haraji da jangali har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, abin nan danniya sunansa. Yaro, ka ce "mudun danniya".

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara girma Baba, amma lissafin ba ya faɗin wanda ya danne wani. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, da ta yi bincike a Ɗorayi, a tsakanin manoman su kansu ta tarar da bambancin: wani gonaki tuli, wani ba shi da ta kirki. Kuma duk talakawa ne, babu mai rawani a ciki.

Baba na Gwammaja: Baturiya ce za ta nuna mini Ɗorayi? Tun 1950 jam'iyyar NEPU ta raba mana zare da abawa, ba ta jira wani Ba'italiye ba. Mudun danniya.

Ɗan Fagge: Baba, mudun ma aro ne daga Larabci. A kasuwar Rimi tiya ake awo da ita.

Basakkwace: Ga shi kuwa. Ku Kanawa sai ku zauna cikin badala ku yanke wa duk ƙasar Hausa hukunci. Mu ba a tambayarmu?

Ɗan Fagge: To kawo taku.

Basakkwace: Ina zuwa.

Mai Fassara: Dare ya yi jama'a. Zan ce "ma'aunin ratar arziki", in ambaci sunan mutumin sau ɗaya in wuce. Malama, ki yafe tazarar.

Malamar Tarihi: A rediyo dai. A aji ina nan kan tawa.

Baba na Gwammaja: To. Amma in kuka buɗe layin waya, zan kira.