Za mu hau Mambila da damina, muna neman shawara

Mai Sienna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne za mu tashi daga Bauci a ƙarshen Agusta, mu bi Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, sannan mu haye Gembu da ke kan tsaunin Mambila. Niyyarmu mu riƙa kwana a tanti. Bara a wata tafiya ruwa ya tare mu, mota ta ɗauki zafi, muka kwana a bakin hanya a jiƙe, ba na son a sake. Wanda ya san hanyar ya taimaka mana.

Ɗan Gembu: Wa'alaikumus salam. Malam, gaskiyar da zan faɗa maka, Agusta da Satumba ne tsakiyar ruwa a wajenmu, sai a wuni ana yi. In za ku iya ɗagawa zuwa Disamba ko Janairu, ku ɗaga. Lokacin ne ma ake shiga gandun dajin Gashaka Gumti cikin sauƙi, don da damina koguna na cika. In kuma dole ne yanzu, to ku kwana a Serti, ku fara hawa da safe. Daga Mayo Selbe hanya ke miƙewa sama, kwana bayan kwana, gefe guda dutse, gefe guda rami. Da yamma hazo kan sauko har ba ka ganin motar da ke gabanka.

Mai Sienna: Hutun ne bai ba mu wani lokaci ba. Sai dai mu yi shiri.

Bakanike: To bari in yi magana a kan abin da na sani. Kowa hawan yake tsoro, ni kuwa gangarowa ta fi ba ni tsoro. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ba komai. Ko da otomatik ce, ka mayar da giya kan 2 ko L, inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taɓawa kana saki. Ka ji warin ƙauri, nemi fili ka tsaya ya huce, kada ka watsa masa ruwa.

Kafin ku tashi a canza man birki in ya daɗe, a wanke lagireto, a duba fanka tana tashi, a sa sabuwar waifa. Ku ɗauki fanbel guda, baƙin mai galan ɗaya, jarkar ruwa, igiyar ja, shebur, da katako mai faɗi na ɗora jak, don a laka jak nutsewa yake. Safaya ku tabbatar da iska a ciki, mutane da yawa sai a daji suke gane tasu ta sace.

In allurar zafi ta tashi kuna hawa, kashe AC, tsaya, buɗe bonet. Kada ka kusanci murfin lagireto sai ya huce sosai. Na ga yaron shagona da ruwan ya ƙona wa hannu, har yau da tabon.

Alhaji: Sienna ƙasa gare ta, kuma ku biyar da kaya. A kan kwalta ba matsala, amma kada ku sauka hanyar laka da ita. Jar ƙasar can in ta jiƙe kamar sabulu take. In kun kafe, kada direba ya yi ta ba ta wuta, ƙara nutsewa za ta yi. A sauke kaya, a rage iskar taya kaɗan, a cusa duwatsu da rassa, a fita a hankali. Rafin da ya hau hanya kuma a jira shi, ruwan dutse yana zuwa da ƙarfi amma ba ya daɗewa.

Maman 'yan biyu: Ni maganar kwanan ce ta dame ni. Mun je da maigida da yara, sanyin Nguroje, garin da ke kan dutsen kafin Gembu, da dare ba irin namu ba ne, tsayin wurin ya haura mita 1,500. Ku tafi da bargo da rigunan sanyi, ku ɗaure su cikin leda tun daga gida. Don Allah kada ku shigar da gawayi cikin tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa na kashe mutum yana barci. Haka kwana a mota inji na aiki gilasai a rufe. Ku ɗauki risho da ashana a cikin kwalba, icen can a jiƙe yake.

Ɗan Gembu: Hajiya ta yi gaskiya. Tanti kuma kada a kafa a kwari ko bakin rafi, kada kuma a kan tsororuwar tudu ko ƙarƙashin bishiya guda tilo saboda tsawa. In aka fara walƙiya ku koma cikin mota. A shimfiɗa tamfol a ƙasa, wani a sama, a haƙa 'yar magudana kewaye. Mafi muhimmanci, ku je ku gai da jauro ko mai unguwa kafin ku sauke kaya, filayen nan duk da masu su. Shi zai nuna muku wuri, wani lokaci ma ya ba ku ɗaki.

Alhaji: Ku cika tanki a Jalingo, ku ƙara a Bali ko Serti in kun samu. Kuɗi a hannu, don sabis na ɗaukewa. Tafiyar dare kuwa babu ita.

Mai Sienna: Allah ya saka da alheri. Na yi magana da sauran, mun yarda za mu kwana Serti, Gashaka kuma mun bar shi sai rani. Oga Bakanike, man birkin ya kai shekara uku ban canza ba.

Bakanike: To shi za ka fara yi gobe, a duba maka takalmin birkin gaba da baya a lokaci guda.