Abin da muka tsinta kan abincin mai jego

Hirarmu da iyayenmu mata ranar suna ta fi tsayawa kan kunun kanwa. Tsofaffi sun ce yana kawo ruwan nono, amma wata ungozoma ta ja kunne: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ce yawan kanwa da wankan ruwan zafi na da alaƙa da ciwon zuciyar masu jego. Ni dai ina goyon bayanta. A rage kanwar, ruwan wanka ya zama mai ɗumi.

An yaba kwaɗon zogale da kunun gyaɗa. Jariri kuwa nono zalla har wata 6, zuma sai ya shekara. Idan ƙafafun mai jego suka kumbura ko numfashinta ya yi sama-sama, a kai ta asibiti ranar.