Shin mai juna biyu za ta daina cin maiƙo?

Maman Hanifa, Gwale:
Assalamu alaikum. Cikina ya kai wata biyar, surukata kuma ta hana ni abinci mai maiƙo, wai jariri zai yi girma haihuwa ta yi wuya. Shin haka ne?

Ungozoma, Fagge:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki daina, domin ƙwaƙwalwa da idanun jariri suna buƙatar mai nau'in omega-3, musamman a watanni ukun ƙarshe. Ki riƙa cin kifin titus ko sardin sau 2 a mako, a dafa shi sosai.

Hajiya, Kurna:
Ni gyaɗa da riɗi da ƙwai na riƙe, 'yata. Abin da na guje wa shi ne man da aka yi ta suyar ƙosai da shi har ya yi baƙi.