Me za mu kira "prospect" da Hausa? Ni na tsaya a kan "ɗan dashe"

1/ Masu fassara labarin wasanni da masu karantawa, ku matso mu yi shawara. Akwai wata kalma da ba ta barin bakin masu kallon besbol (wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda) a Amurka, wato prospect. Yaro ne da babbar ƙungiya ta riga ta ɗauka, ta biya kuɗinsa, amma ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta ya yi ta wasa har ranar da za a ga ya isa. Mu sai mu ce "matashi mai tasowa" mu wuce abinmu. Wannan fassarar ba ta gamsar da ni ba.

2/ Sai an san tsarin kafin a raɗa suna. Babbar gasar tana da ƙungiyoyi 30. Tun daga 2021 kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, hawa-hawa, jimilla 120, ban da ta sababbin ɗauka. Yaro zai yi shekaru yana hawa, yana yawon garuruwa cikin bas, magoya baya kuma suna bibiyar alƙalumansa a waya duk wayewar gari. Da yawa ba sa kaiwa ƙarshen tsanin.

3/ Ku ɗauki Jackson Holliday. Ƙungiyar Baltimore Orioles ta zaɓe shi a lamba ta ɗaya a zaɓen sababbin yara na 2022, yana ɗan shekara 18, gama sakandarensa ke nan a Stillwater ta jihar Oklahoma. Kuɗin sa hannu kaɗai dala miliyan 8.19. Mahaifinsa Matt Holliday sanannen ɗan wasa ne. A 2023 yaron ya hau matakai huɗun nan cikin kaka guda: ƙananan ƙungiyoyin Delmarva, Aberdeen, Bowie, sai Norfolk, matakin ƙarshe kafin babbar gasa. Aka ɗora shi a saman jerin yaran da ake jira a duk faɗin ƙasar.

4/ Su kuwa mutanen Baltimore yunwa ta riga ta gallabe su. Rabonsu da kofi tun 1983. An doke su sau 115 a 2018, sau 110 a 2021, kuma abin da ake lallashinsu da shi duk tsawon lokacin shi ne, ku yi haƙuri, yara na tafe. Yaran sun kuma zo. Adley Rutschman ya shigo a 2022 ya zauna daram, Gunnar Henderson ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 2023, shekarar da ƙungiyar ta ci wasa 101. To da aka buɗe kakar 2024 aka bar Holliday a Norfolk, sai ƙorafi ya tashi, wai ana ɓata wa yaro lokaci. Ba wanda ya so ya tuna cewa Rutschman ya yi jami'a, yana da shekara 24 sa'ad da ya shigo, wannan kuwa 20 gare shi.

5/ Ranar 10 ga Afrilu 2024 aka kira shi, ya fara a filin Fenway na Boston, sanye da lamba 7 da ƙungiyar ta daɗe da ajiyewa don girmama tsohon kocinta Cal Ripken babba. A besbol, wanda ya dace sau 3 cikin bugu 10 gwani ne. Holliday ya yi wasa 10, ya dace sau 2 kacal cikin 34, masu jifa suka kore shi sau 18. Kafin watan ya ƙare an mayar da shi Norfolk. Bakunan da suka yi ta cewa a kawo shi, su ne suka koma tambayar ko an yi asarar kuɗi.

Kalmar da muke nema dole ta iya ɗaukar wannan labarin daga farkonsa har nan ba ta karye ba.

6/ "Mai tasowa" ta yi faɗi. Duk yaron da ke buga ƙwallo a fili mai tasowa ne. Ba ta nuna cewa wani ya zuba dukiya a kansa, yana ƙirga kwana.

"Sabon shiga" tana da nata wurin: wanda ya riga ya shiga babbar gasa, yana shekararsa ta farko. Namu bai shiga ba tukuna.

"Ɗan koyo" kuwa, wa ya taɓa ba ɗan koyo miliyan takwas na dala?

7/ Wani ɗan'uwa ya kawo "zakaran gobe", wani ya ce "manyan gobe" ta wadatar. Ranku ya daɗe, suna da daɗin ji, kuma na san su za su fi saurin shiga kanun labari. Matsalata da su ita ce sun yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. Duk wanda ya ji "zakara" ya riga ya ji cara. Brien Taylor ma lamba ta ɗaya ne, New York Yankees ta zaɓe shi a 1991 ta ba shi dala miliyan 1.55, kuɗin da ba a saba ji ba a lokacin. A Disambar 1993 ya ji rauni a kafaɗa wajen faɗa, kuma har ya bar wasa bai yi jifa ko ɗaya a babbar gasa ba. Shi ma prospect ne cikakke, ba wanda ya isa ya cire masa sunan. Zakaran gobe fa? Goben ba ta zo ba. Kalmar Turancin hange kawai take nufi, babu alkawari a cikinta, don haka tamu ma kada ta ɗauki alkawari.

8/ Shawarata: ɗan dashe. Jam'i, 'yan dashe. Mace, 'yar dashe.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu noman rani ya san yadda ake da tumatir da albasa da tattasai. Ana yafa iri a ɗan fili, a yi ta renonsa da ruwa safe da yamma, sai ya yi ƙwari a cire a kai babban fage. Kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: yaushi. Ganye ya langaɓe, kwana biyu ko uku kamar ya mutu. Manomin kirki ba ya tumɓuke shi saboda haka, ruwa yake ƙara masa ya jira. Wani ya kama, wani bai kama ba, kuma ba a rantsewa a kan ko ɗaya ranar da aka dasa.

Abin da ya sa na fi son ta ke nan. Bahaushe na jin "dashe" ya san akwai mai shi, akwai wahala da aka sha, akwai jira, akwai kuma yiwuwar asara. Haƙurin da ake roƙon magoya baya su yi yana cikin kalmar tun asali, ba sai an yi musu wa'azi ba.

9/ Ba ma mu muka fara kai zancen gona ba. Su kansu Amurkawa "gona" suke kiran ƙananan ƙungiyoyin nan, tun zamanin da Branch Rickey ya gina tsarin a St. Louis Cardinals cikin shekarun 1920. Saboda haka ƙananan gasannin sai mu ce musu "gasar reno", babbar kuma ta ci gaba da zama babbar gasa.

10/ Ku gwada ta a jimla ku ji:

"Orioles ta kira ɗan dashenta daga Norfolk."
"Yaron yana yaushi, a ba shi lokaci."
"Dashe ya kama."

Ta ƙarshen nan ita ce ta fi burge ni, don Turancin ma ba shi da gajeriyar magana mai wannan nauyi. Mike Trout ya shigo a 2011 yana ɗan shekara 19, ya yi wasa 40 yana dacewa sau 22 cikin 100, aka fara kakar 2012 da shi a gasar reno. Ya dawo a ƙarshen Afrilu ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, daga baya ya ci kyautar gwarzon gasa har sau uku. Wannan dashe ya kama. Holliday kuma da aka dawo da shi ranar 31 ga Yuli 2024, a wasa da Toronto, ya tarar da abokansa uku a tashoshi, ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, maki huɗu a bugu guda. A daren nan an yi ta cewa ya kama. Bugu ɗaya bai isa shaida ba, kamar yadda wasa 10 na Afrilu ba su isa ba.

11/ Wata malama ta tayar da maganar da ba zan kauce mata ba: "an dasa shi" a bakin 'yan siyasa na nufin ɗan leƙen asiri, ga kuma dashen ƙoda a asibiti. Gaskiya ne, Malama. Sai dai "ƙwallo" ma tana nufin na mangwaro, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa a shafin wasanni. Karon farko a cikin labari a rubuta "ɗan dashe, wato yaron da ƙungiya ke reno", daga nan kunne zai saba.

12/ Abu ɗaya da za a kiyaye wajen aiki da ita: sunan yana da wa'adi. A ƙa'idar gasar, mai bugu da ya wuce bugu 130 a babbar gasa ya fita daga sahun sababbi, masu jera sunayen yara kuma su cire shi. Daga nan ba ɗan dashe ba ne, ɗan wasa ne kawai, ko ya kama ko bai kama ba. Kada a ga mutum ya shekara uku a babbar gasa muna ta kiransa ɗan dashe don muna jin nauyin cewa bai kai yadda aka zata ba.

13/ Mutanen Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, idan a wajenku akwai wani suna da ake kiran tsiron da ba a kai fage ba tukuna, ku kawo shi mu auna da wannan. Sannan zaɓen da ƙungiyoyi ke yi na sababbin yara duk shekara, wanda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi ke samun damar fara ɗauka, shi ma yana nan ba suna. "Zaɓe" kaɗai tana sa mai karatu tunanin akwatin ƙuri'a.