Shin hamingbad shi ne sha-kaucinmu?

Manomi daga karkarar Ringim:
Assalamu alaikum. Ɗana ya nuna mini bidiyon wani ɗan tsuntsu, wai shi hamingbad, yana tsaye cak a iska yana tsotsar ruwan fure. Na ce masa ai sha-kauci ne, wanda muke gani a kan tumfafiya, shi kuwa ya dage ba shi ba ne. Malamai, wa ya fi gaskiya?

Malamin bayoloji, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam. Baba, yaron ne da gaskiya. Hamingbad ba ya rayuwa ko'ina sai nahiyar Amurka, tun daga Alaska har ƙarshen kudancinta, kuma nau'insa ya haura 360, inda suka fi yawa kuwa shi ne yankin tsaunukan Andes, a ƙasashe irin su Kolombiya da Ekwado. Masana sun ware masa dangi na kansa, Trochilidae, sha-kauci kuwa yana cikin Nectariniidae. Abin mamakin shi ne, makusancinsa na haƙiƙa wata irin tsattsewa ce mai wuni tana shawagi, ba sha-kauci ba. Kamar da kuka gani abinci ne ya jawo ta, domin yawancin tsuntsayen da suka dogara da ruwan fure suna bukatar dogon baki siriri da dogon harshe, sai zuriyoyin biyu suka yi kama ba tare da sun haɗa kaka na kusa ba.

Ɗaliba daga Dawakin Tofa:
Malam, a ba ni dama in ƙara. A 2004 masani Gerald Mayr ya bayyana ƙasusuwan hamingbad da aka tono a Jamus, masu shekaru kusan miliyan 30, wato ya taɓa zama a Turai kafin ya ɓace daga can. Binciken ƙwayoyin gado na 2014 kuma ya raba hamingbad na yanzu gida 9, waɗanda kakansu ya rayu a Kudancin Amurka shekaru kusan miliyan 22 da suka shige. Ni dai na ƙasar Kuba ne ya fi burge ni, wanda nauyinsa kusan giram 2 ne kacal.

Malamin bayoloji, Birnin Kudu:
Haka ne, 'yata. Baba, idan kun je gona gobe ku lura da kyau: sha-kauci yakan sauka kan reshe kafin ya sha, ba kasafai yake tsayawa a iska ba, alhali hamingbad har da baya-baya yake tashi.

Manomi daga karkarar Ringim:
Allah ya ƙara ilimi. Zan duba, amma ba zan gaya wa yaron yau ba.