Mai ciwon suga da azumi a zafin Legas

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Mai ciwon suga da ke shan metformin sau biyu a rana, kuma dako yake yi a kasuwar Mile 12, zai iya ɗaukar azumi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ya fara ganin likita mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama. Metformin ba ya cika faɗar da suga, yawanci a kan mayar da shi sahur da buɗa-baki. Glibenclamide, wani maganin sugan, shi ne mai hatsari, yana iya kayar da mutum da la'asar. Ya riƙa gwajin suga da hantsi, azahar da la'asar. In ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, ya karya nan take, ko da saura minti biyar a sha ruwa. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri alamun faɗuwar suga ne: ya sha ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ya sake gwadawa bayan minti 15. Kunu mai zaƙi da lemon kwalba lokaci guda a buɗa-baki, shi ke harba sugan sama.

Malamin Zaure: Allah ya saka, Hajiya. Aya ta 184 da 185 cikin Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. In likita ya hana shi ɗungurungum, ya ciyar da miskini ɗaya kowace rana. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi.

Baban Idi-Araba: Dakon ne matsalar. Buhun albasa a ka, rana tsaka, ba ruwa, ƙoda ce ke shan wahala. Ya mayar da aikin bayan asuba ko dare.